Dam ɗin gona ya fara tsatsafo, masu noman rani kuma na son a ƙara masa ruwa

Tambaya: Ina da ƙaramin dam na ƙasa a gona, mahaifinmu ne ya gina shi da katafila shekara 22 da suka wuce. Tsayin jingar mita 6 ne, tsawonta mita 180, idan ya cika ruwan kan miƙe baya kamar mita 400. Mafitar rarar ruwa tana gefe guda, faɗinta mita 12, daga bakinta zuwa doron jinga kuma mita 1 ne. Bana na lura da wani wuri a gindin jingar ta baya kullum a jiƙe, har ruwa na ɗan gudu. Akwai dogon yaro bakwai a kan jingar da suri biyu. Masu haya a wurina sun ce in jera buhunan yashi rabin mita a mafitar don ruwa ya kai mu Afrilu. Ga kuma ƙauye a ƙasan kwarin. Ina mafita?

Amsa: Alhaji, kada ka sa buhu ko ɗaya a mafitar nan. Zan nuna maka dalili da lissafi, amma wurin da ya jiƙe ya fi gaggawa, don haka da shi za mu fara.

Kowace jingar ƙasa tana yoyo. Ruwa na ratsa ƙasa ko yaya aka danne ta, saboda haka danshi a gindin jinga shi kaɗai ba abin tashin hankali ba ne. Abin dubawa shi ne ko ruwan yana fitowa shi kaɗai ko yana ɗauke da ƙasa. Ka samu kwalba mai haske, ka tari ruwan daidai inda yake ɓulɓulowa ba tare da ka dama wurin ba, ka ajiye ta awa biyu. In ruwan garau yake, gindin kwalbar ba komai, kana da lokacin shiri. In ka ga laka ta kwanta, ko a bakin idon ruwan akwai ɗan tulin rairayi mai laushi kamar na bakin ramin tururuwa, to jingar ce take fita da kaɗan-kaɗan. Ruwan yana haƙa rami daga baya zuwa gaba. Ramin na faɗaɗa, ruwa na ƙara ƙarfi, ƙarfin na ƙara faɗaɗa ramin. Abin kan ɗauki shekaru yana tafiya a ɓoye, amma ranar da ramin ya haɗe da tafkin, awoyi kaɗan suke rage.

Ka kuma auna yawansa. Ka tara ruwan ya bi ta ɗan guntun bututu, ka tara bokitin fenti mai lita 20, ka duba minti nawa yake ɗauka ya cika. Ka rubuta a littafi tare da kwanan wata da tsayin ruwan dam na ranar. Don tsayin ruwa, sanda mai alamar fenti duk santimita 10 da aka kafa a cikin tafkin ta isa. Yoyon da ke ƙaruwa idan dam ya cika, ya ragu idan ya ja baya, halinsa ke nan. Wanda ke ƙaruwa alhali ruwan dam bai motsa ba, ko yana raguwa ma, shi ne mugun. Haka nan yoyon da ya bar gindi ya hau tsakiyar bayan jinga, ko wurin da ƙafa ke nutsewa kamar an taka kunu.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a kwaɓa laka a toshe idon ruwan daga baya, ko a zuba siminti. Ruwan da aka hana fita ba ya komawa, taruwa yake a cikin jinga ya jiƙa ta har gefen baya ya zame, ko ya ɓulle wani wurin da ba ka gani. Abin da ake so shi ne ruwa ya wuce, ƙasa ta tsaya. Yadda ake yi: a share ciyawar wurin ba tare da an haƙa cikin jingar ba, a shimfiɗa yashin gini mai tsabta kauri santimita 30, ya zarce gefen danshin da mita 1 ta kowane ɓangare. A kansa a zuba ƙananan tsakuwa santimita 30, sannan a danne da duwatsu masu girman kan mutum. Yashi ya riƙe ƙasa, tsakuwa ta riƙe yashi, dutse ya riƙe tsakuwa. Kada a juya jerin. Wanda ya zuba manyan duwatsu kai tsaye a kan idon ruwa bai gyara komai ba, ɓoye wa kansa ciwon kawai ya yi. Toshiya da yumɓu ta fuskar ruwa ake yin ta, da rani, bayan ruwa ya sauka ƙasa da mashigar yoyon.

In dai kwalbar ta nuna laka, a ranar za ka fara rage ruwan dam, ka kuma kira injiniya mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wanda ya san aikin dam, ba mai zanen gidaje ba.

Lissafin buhunan

Girman dam irin naka ana ƙiyasta shi da tsawon jinga sau nisan da ruwa ya miƙe baya sau zurfi mafi yawa, a raba da shida. Naka 180 sau 400 sau 5, a raba da 6, ya ba da mita kubik 60,000 tun yana sabo. Faɗin fuskar ruwan kuwa wajen hekta 3 da rabi. Rabin mitar da ake so a ƙara za ta kawo kusan mita kubik 18,000. Gaskiya ba ƙaramin ruwa ba ne, shi ya sa shawarar ke da daɗin ji.

To amma mita ɗayan nan da mahaifinku ya bari tsakanin mafita da doron jinga ba asarar wuri ba ce, ta ranar babban ruwan sama ce. Mu ƙaddara ƙasar da ke zubo wa dam ɗin ruwa hekta 200 ce. Aka yi ruwa mai ƙarfin milimita 60 a awa, a watan Agusta da ƙasa ta riga ta ƙoshi, kashi 40 cikin 100 ya gangaro. Wannan zai kawo wajen mita kubik 13 a kowane sakan, wato durom 65 na lita 200 kafin ka ƙifta ido. Kafin mafita mai faɗin mita 12 ta iya fitar da shi, sai ruwa ya tashi kamar santimita 75 a kan bakinta. Ka ga ko yanzu santimita 25 kacal ta rage maka, ga igiyar ruwa da iskar hadari ke turowa. Ka ɗora buhu rabin mita, ruwan zai nemi santimita 125 a inda kake da 100. Sauran ta kan jinga zai bi.

Kankare na jure ruwa ya bi ta kansa. Ƙasa ba ta jurewa. Ruwan kan fara da zaizaye gefen baya na doron, ya yi ɗan kwazazzabo, kwazazzabon ya rinƙa cin baya har ya kai ga tafki, daga nan sai ɓaraka. Kuma duk ruwan da aka tara zai sauka kwari lokaci guda, galibi da dare, tunda da yamma ko da dare hadarin damina ya fi saukowa. Mutanen Kano ba su manta da fashewar dam ɗin Bagauda a watan Agustan 1988 ba, na Maiduguri kuma sun ga abin da na Alau ya yi a Satumban 2024. Waɗannan na hukuma ne, masu injiniyoyi. Naka ƙarami ne, amma ga gidan ƙasa da ke bakin kwari, ruwa iya gwiwa mai gudu ya isa ya kwantar da katanga.

Za a ce maka ai sai ƙarshen damina za a sa buhunan, a kwashe kafin wata. Ruwan ƙarshen Satumba da farkon Oktoba yakan zo da ƙarfi, a lokacin kuma dam a cike yake maƙil, babu wurin da zai shanye komai. Ban da haka, ƙarin rabin mita zai jiƙa saman jingar da ya shekara 22 a bushe, inda tsagewa da ramukan gafiya da hanyoyin gara suka fi yawa, ya kuma ƙara wa yoyon da kake kuka da shi matsi.

Ni da za a bi tawa, faɗaɗa mafitar za a yi zuwa mita 20. Da wannan faɗin, ruwan da muka lissafa santimita 55 kawai zai tashi. A yanke faɗin ta ɓangaren tudu, cikin ƙasar asali, kada a taɓa jingar. Bakin mafita ya zama daidai wa daida daga gefe zuwa gefe, a tabbatar da tiyon awo na magina, domin in gefe ɗaya ya fi zurfi nan ruwa zai taru ya haƙa. A binne ɗan bangon dutse da siminti a bakin, zurfin santimita 60 zuwa mita 1, samansa daidai da ƙasa, shi zai tsayar da kwazazzabo idan ya biyo daga ƙasa. Wutsiyar mafitar kuma ta kai ruwa can nesa kafin ta mayar da shi rafi, kada ya dawo yana lasar gindin jinga. Ragar kama kifi da shingen waya da ake gicciyawa a mafita su ma buhu ne da wani suna: karan dawa da reshe suka taru a jikinsu, sun toshe.

A auna doron jingar ma. Jinga kan zauna da shekaru, musamman a tsakiya inda ta fi tsayi, kuma turbar shanu ko ta babur kan ci wani wuri. Wurin da ya fi ƙasa shi ne ainihin tsayin dam ɗinka. Kana iya tarar da mita ɗayan nan ta koma santimita 70. Wajen cikewa, a kankare saman, a yayyafa ruwa, a zuba ƙasa mai yumɓu da yashi a haɗe, kauri santimita 15, a daddanne da rola ko madaɓi kafin a ƙara wani. Gwajin danshi a hannu yake: ka dunƙula ta riƙe siffa, ka murza ta yi igiya mai kaurin fensir kafin ta karye, ba ta kuma manne maka a tafin hannu. Baƙar lakar fadama mai tsagewa da rani ba ta yi ita kaɗai, yashi zalla ma haka.

Dogon yaro da suri

Inuwar tana da daɗi, amma saiwar dogon yaro ruwa take bi, ta ratsa jinga daga baya zuwa gaba. Muddin bishiyar na raye saiwar ta cike raminta. Ranar da ta mutu ko aka sare ta, saiwar ta ruɓe, an samu bututu a cikin jinga. Iska kuma in ta tumɓuke babba, da gutsuren jingar take faɗuwa. Saboda haka sara barkatai ma haɗari ne. Waɗanda kaurin gindinsu bai kai santimita 15 ba a sare su daidai ƙasa, a rinƙa kashe tohon. Manyan sai da rani, ruwa ya sauka sosai: a sare, a tone kututturen da duk saiwar da ta kai kaurin babban yatsa, a faɗaɗa ramin ya yi gangare, a cike shi daki-daki kamar yadda na faɗa. A fara da na fuskar ruwa da na doro. Bayan haka kada a bar wata bishiya a kan jinga ko cikin mita 5 zuwa 10 daga gindinta.

Suri abin da ke sama kaɗan ne, gidan yana ƙasa. A tone har a kai ga uwar garar, a bi manyan hanyoyin, a sa maganin gara nesa da ruwan sha, a cike da sabuwar ƙasa. Kada a mayar da ƙasar surin cikin ramin. Ramin gafiya da na guza su ma haka za a yi musu, ba a cusa dutse a baki a tafi ba.

Abin da jinga ke so ciyawa ce gajera mai shimfiɗa, irin ƙiri-ƙiri, a rinƙa yanke ta don ido ya ga ƙasa. Jema tana da kyau a gefen mafita da bakin kwazazzabai. Fuskar ruwa, inda igiya ke duka, a jera dutse a kan shimfiɗar tsakuwa. Shanu kuwa a yi musu mashaya a gefe ko kwami a ƙasan dam, kada su rinƙa hawa jinga.

Ba ka ambaci bututun fitar da ruwa ba. In akwai shi a ƙarƙashin jinga, ka duba ko danshin kusa da shi yake, domin gefen bututu na daga cikin wuraren da ruwa ya fi samun hanya, bututun ƙarfe mai shekara 22 kuma yana iya hujewa da tsatsa. In bawul ɗinsa a baya yake, bututun kullum cike yake da ruwa mai matsi a cikin jinga, wannan ma abin nuna wa injiniya ne. In babu bututu, kada ka yarda a yanka jinga a sa. A yi zuƙo ta sama, yadda ake zuƙo fetur daga tanki da tiyo: bututun roba mai inci 4 a haye doro, bakin waje ya fi fuskar ruwa ƙasa da kamar mita 3, a cika shi da ruwa ta sama, a toshe, a buɗe ƙasa. Guda ɗaya na fitar da lita 15 zuwa 20 a sakan, wanda a dam ɗinka bai wuce santimita 4 zuwa 5 a kwana ba. Don gaggawa sai huɗu, tare da injinan ban-ruwan masu haya. In ba gaggawa ba, kada saukar ruwa ta wuce santimita 15 zuwa 30 a kwana, domin fuskar jingar da ta sha ruwa kan zame idan aka janye mata ruwan da ke tokare da ita farat ɗaya.

Ina ruwan yake tafiya

Masu hayarka suna da gaskiya cewa ruwa na yankewa da wuri, inda suka nufa da gyaran ne ba daidai ba. Daga Nuwamba zuwa Maris, rana da iskar hunturu na ɗauke kamar milimita 6 a kullum, a Maris da Afrilu ya kai 8 zuwa 10. A kan matsakaicin hekta 2 na fuskar ruwa, tunda tana raguwa da rani, cikin kwana 150, an yi asarar mita kubik 18,000, daidai abin da buhunan za su ƙara. Shanu 200 masu shan lita 30 a rana, wata shida, ba su wuce mita kubik 1,100 ba. Cire abin da ƙasa ke sha da ɗan ruwan da dole a bari a gindi, abin da ya rage na ban-ruwa bai fi 30,000 ba. Hekta ɗaya ta tumatir ko albasa, da ban-ruwan kwari-kwari a lambatun ƙasa, tana cin wajen 10,000 a kaka guda, kusan rabi a hanya yake salwanta. Ruwan dam ɗinka na noman hekta 3 ne. In an ba da hayar biyar, ko an ƙara buhu rigima za a yi a Maris.

Gyaran a nan yake. A yi shuka da wuri, a dasa a Oktoba ko farkon Nuwamba, a sha ruwan kafin rana ta sha. Ruwan da aka ajiye don Afrilu shi ya fi kowanne tsada. A kai ruwa fili da bututu ko tiyo a maimakon lambatun ƙasa, a yi ban-ruwa da sassafe ko yamma. A yanke yawan filin haya ranar da damina ta ɗauke, bisa abin da sandar awo ta nuna, a kuma sa jan fenti a inda injuna za su tsaya don dabbobi da kifi.

Sai laka. Dam mai shekara 22 a ƙasar noma ba zai rasa cikowa ba, mai yiwuwa 60,000 ɗin nan ta ragu sosai. A shiga da kwalekwale da gora a auna zurfi a wurare goma. Yashe laka da rani yana ƙara ruwa ba tare da an ƙara wa jinga nauyi ba, kuma zurfi yake ƙarawa, wanda rana ba ta cin sa kamar faɗi. Sharaɗi biyu: kada a haƙa cikin mita 15 zuwa 20 daga gindin jinga, kada kuma a huda shimfiɗar yumɓun gindin tafki a kai ga yashi. Lakar taki ce, manoma za su kwashe ta da amalanke. A sama kuma a jera duwatsu a kwazazzaban da ke shigowa, a bar zirin ciyawa a bakin ruwa. Kacalla in ta fara a tumɓuke ta tun tana kaɗan, ita ce maɓoyar sauro da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya.

Ka tuna da na ƙasa da kai. Dam na rage musu kaifin ƙananan ambaliya, yana kuma ɗaga ruwan rijiyoyin fadama, amma a babban ruwa idan ya cika ba ya tare komai. Suna da haƙƙin sha da shayar da dabba. Ta fuskar doka, Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ce ke magana a kan ɗiba da tare ruwa, don haka kafin ka canza tsayi ko fasalin dam ka je ma'aikatar ruwa ta jiharku ko hukumar raya kogunan yankinku, kamar ta Haɗeja-Jama'are ko ta Sakkwato-Rima. Kotunan Najeriya kuma suna aiki da wata ƙa'ida da ta samo asali daga shari'ar Ingila ta 1868, wadda ita ma a kan tafkin wani mai masana'anta aka yi ta: wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa ya kuɓuce ya yi ɓarna, shi ke da alhaki.

Kafin damina ka je wurin mai gari da limamin ƙauyen, ku zauna. A san gidajen da ke ƙasa-ƙasa, a san tudun da za a hau, a karɓi lambar waya ta mutum uku aƙalla, a amince cewa lasifikar masallaci ce za ta yi shela. Mai gadinka ya zaga jinga sau ɗaya a mako da damina, da kuma bayan kowane babban ruwa, ko da dare ne, da tocila mai kyau. Abubuwan da in ya gani zai kira ƙauye kafin ya kira ka: ruwa ya rage santimita 30 ya kai doro kuma yana hawa, yoyo ya koma ja ko ya ninka, ruwa na juyawa kamar mazurari kusa da jinga, wani wuri ya lotsa, ko tsaga ta gicciye doron daga gaba zuwa baya. A ajiye tifa ɗaya ta yashi, ɗaya ta tsakuwa, buhu 200 da shebur a kan tudu kusa da dam tun watan Mayu, domin a Agusta mota ba lalle ta iya shigowa ba. Buhunan nan na kewaye idon ruwa ne da ɗaga wurin da ya lotsa a doro.